Awon Dije

Har na yi ritaya ban manta da ranar da Dije ta zo awo ba. Lokacin ina ungozoma a wani ƙaramin asibiti kusa da Falgore. Talata muke awon ciki: a gwada nauyi, a duba jini, a saurari bugun zuciyar jariri.

Dije matar wani makiyayi ce, ta haura arba'in, shekara goma rabonta da haihuwa. Ta shigo da fara'arta, ciki ya taso. Amma wuya ya rame, ido ya yi rawaya. Na kwantar da ita na lalubi cikin, na ji tauri ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Na kasa kunne, babu bugu.

Na ce, "Dije, bayan gida fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Da jini, Malama, an kusa shekara biyu. Basir ne, ina shan jiƙo."

A ƙa'idarmu, abin da ya fi ƙarfinmu takarda muke rubutawa zuwa babban asibiti. Shugabanmu ya sa hannu, mijinta Malam Buba ya kai ta Kano. Bayan sati uku suka dawo da sakamako: kansar babban hanji ce, ta bazu har hanta da gidan ƙwan haihuwa. Ruwa da ƙari ne suka kumbura cikin. Likita ya rubuta cewa tiyata ba za ta amfana ba, sai maganin rage raɗaɗi.

Malam Buba ya ja ni gefe. "Don Allah kada ki gaya mata. Har zanen goyo ta saya."

Na ce ba zan fara gaya mata ba, amma in ta tambaya ba zan yi mata ƙarya ba.

Ranar da na kai mata magani ruga, ta riƙe hannuna. "Malama, huɗu na haifa, na san motsin ɗa. Wannan ba ɗa ba ne ko?"

Na gaya mata gaskiya. Ta yi salati, sannan ta ce, "Ki bi Malam a hankali, ba zai iya ɗauka ba."

Na kira shi, na zaunar da su tabarma ɗaya. Suka yi kuka, suka yafi juna. Ta roƙi a kai ta wajen mahaifiyarta a Doguwa, can ta rasu bayan wata biyu. Allah ya jiƙanta.

Ku masu tasowa a aikin asibiti, duk wanda ya ce muku basir ne, ku tambayi tun yaushe, ku duba. Kuma kada ku raina mara lafiya. Sau da yawa ya riga ya sani, wanda zai zauna kusa da shi yake nema.