Furen da Ɗan Farina Ya Dasa

Ɗan farina ne ya kawo shi daga Kano, inda yake aikin lambun furanni a bakin titi. Ɗan reshe ne a leda. Ya dasa shi a gindin katangar ɗakina a Durun, ya ɗaura masa igiya, ya ce fure ne mai hawa, fari da rawaya, da yamma sai ka ce an buɗe tukunyar zuma. Bayan damina biyu ya tafi neman aiki ta hanyar Agadas. Sau uku ya kira, daga nan shiru.

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yi kukansa a gaban mutane. Ko labarinsa ban iya tambaya. Furen nan kaɗai nake da shi.

Bazarar da rijiyarmu ta ƙafe, sai an yi tafiya mai nisa kafin a samo jarka biyu. Na koma yin alwala a cikin kwano, in juye wa furen. Ruwan wankin gero ma nasa ne. Duk da haka ganyen ya naɗe, ya yi ja, ya fara zuba. Kullum in share, in kasa zubar da sharar.

Ran nan maigidana ya kama ni ina rage ruwan akuya.

"Yanzu ke, dabba mai ciki za ki hana, ki ba ciyawa? Miya ake yi da shi?"

"Malam, ludayi ɗaya ne."

"Jiya ma ludayi ɗaya ne. Dubi yadda take hararar ki, ta gane ɓarauniyarta."

Ya daɗe yana kallon katangar, sannan ya sassauta murya. "Ai yaron ya faɗa. In fari ya tsananta a sare shi daidai gwiwa, a rufe gindin da ƙaiƙayi. Rassan ne ke ƙarar da shi."

Na sani, ina wurin aka faɗa. Amma rassan farko yaron da hannunsa ya naɗa su a igiyar nan. Kwana bakwai ina ɗaukar lauje ina ajiyewa, kullum bushewar tana ƙara gangarowa. Ran na takwas na yi bismilla na sare. Katangar ta koma tsirara, ni ma ji na yi kamar an yaye mini mayafi a kasuwa.

Da azahar na ga Malam ya zo ya tsuguna a gindin kututturen, a can ya yi alwalarsa. Bai dube ni ba.

Mako uku babu toho, babu hadari, wayar ma ba ta yi ƙara ba. Wata safiya na kasa daurewa, na durƙusa na kankare ɓawon kututturen da farce. Kore ne a ciki, da ɗan danshi.

Na waiga, ba kowa sai kaji. A hankali na kira sunansa.