Kwalbar da Na Ɓoye a Bangon Shagon Gwaggo

Shekarar da na faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, babana ya kai ni shagon gwaggo a kasuwar Adjamé, ya ce in na yi hankali nan ne abincina. Gwaggo yayarsa ce, atamfa take sayarwa, kuma ba ta ɗaukar wargi. Ni ma ina son wurin. Da zaman gida ina wanke-wanke, gara auna yadi.

Wata ƙawata ta sakandare ce ta ja ni cikin wani wasa na waya. Wani zai ɓoye 'yar kwalba da takarda a ciki, ya sa wurin a taswira, kai kuma ka bi kibiya har ka samu, ka rubuta sunanka, ka mayar yadda ka gani. Na ce mata, “Sai kuma me?” Ta ce, “Sai ki ji daɗi.” Na ce, “Ke dai ba ki da aikin yi.” Amma ran Lahadi na bi ta zuwa unguwar Treichville.

Kibiyar ta kai mu bayan tashar jirgin ruwa, daidai inda maza ke juya baya su yi fitsari. Waya ta ce saura mita uku. Mita ukun nan kwata ce baƙa ƙirin, da ledoji da kawunan kifi, ga ƙudaje kamar an gayyace su suna. Ƙawata ta nuna wani rami a jikin katanga.

“Nan ne, 'yar uwa, sa hannu.”

“Naki hannun me ya same shi?”

“Jiya na yi lalle.”

Na sa. Na fara taɓo wani abu mai laushi da danshi wanda har yau ban so in san ko mene ne ba, kyankyaso ya bi ta kan yatsuna, sannan na ji kwalbar. Sunayen mutanen da ban sani ba, shi ke nan abin da ke ciki. Ruwan leda uku na ƙarar a hannun nan, duk da haka ranar da cokali na ci aceke, dambun rogon da muke ci da hannu.

Da ina da hankali da nan na tsaya. Sai na ce bari in nuna musu yadda ake ɓoye abu a wuri mai tsabta. Na sami kwalbar magani, na naɗe ta da baƙin salatif saboda ruwan sama, na ɗaura mata zare don a ji daɗin jawowa, na rubuta sunana da manyan baƙaƙe a saman takarda. Na cusa ta a wani rami a bangon da ke tsakanin shagon gwaggo da na Tanti, wata 'yar ƙabilar Jula mai sayar da takalma. Sannan na sa wurin a taswirar wasan. Ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa abin da na haɗa laya ce sak.

Cikin sati biyu mutane suka fara zuwa. Wani Bature da jaka a baya, wasu ɗalibai biyu. Su zagaya da waya a hannu, su durƙusa kamar suna ɗaure takalmi, su laluba bango, su wuce ba su taya ko yadi ɗaya ba. A Adjamé ba a tsayuwa ba a gan ka ba.

Wata safiya gwaggo ta zaƙulo kwalbar da tsinke tana karanta Ayatul Kursiyyu. Baƙin naɗi, zare, jerin sunaye, na farko kuma nawa. Ba ta tambayi kowa ba. Ramin ya fi kusa da ɓangaren Tanti, ciniki kuma ya ja baya a watan.

“Shekara ashirin muna cin abinci kwano ɗaya,” in ji gwaggo tana nuna Tanti, “ashe 'yar ƙanina kike nema.”

Tanti ta yi ta rantsuwa da Julanci da Faransanci. Masu tura amalanke suka ajiye kaya suka zo kallo. Wani ya ce a ƙona, wani ya ce sai an yi fitsari a kai tukuna kafin asirin ya karye, har da mai cewa shi a shirye yake. Ni ina tsaye da almakashi a hannu, bakina ƙum. Na san in na yi magana, ni da shagon nan sai dai kallo daga nesa. Na daɗe ina shirun, kuma shirun nan ya fi ramin Treichville ba ni ƙyama.

Sai Tanti ta juyo gare ni, ido jajir. “'Yata, na taɓa yi miki ko mugun kallo?”

Na ce, “Gwaggo, ni na sa.”

Na nuna mata wayar, da taswirar, da ɗigon da ke kan shagonta. Ta daɗe tana kallo.

“Wato kin sa shagona a waya, kin kira ƙattin duniya su zo su laluba min bango.”

“Wasa ne, gwaggo.”

“Me ake ba ki?”

“Ba a ba da komai.”

“To ai mai asiri ma ya fi ki. Shi aƙalla yana da abin da yake nema.”

'Yan kallo suka watse suna tsaki, ransu a ɓace don abin bai zama asiri ba. Ko azahar ban yi a shagon ba, gwaggo ta sallame ni. Babana ya je ba gwaggo haƙuri sau biyu, ta ce ba ta riƙe ni da komai ba, amma ba ta ajiye mai irin kaina kusa da dukiyarta.

Gwaggo ba ta taɓa buɗe baki ta ba Tanti haƙuri ba, turmin atamfa ta aika mata. Tanti ta karɓa, amma ta mayar da bencinta ɗaya gefen ƙofar, nesa da shagon gwaggo. In na bi ta layin ina gaishe ta. Tana amsawa, idonta a kan takalman da take gogewa.