Da Hannuna Na Ƙara wa Mijina Nauyi

A lokacin da wannan abu ya faru ni matar ɗan dambe ce, kuma ba zan ɓoye ba, ina taƙama da hakan. 'Yar garin Ɗanzomo ce ni, aka kawo ni Gumel da ƙuruciyata, gidan mahauta. Karatuna bai yi nisa ba, amma in dai girki ne da damun fura, duk unguwarmu an san hannuna, ni ma na san an sani. Ina roƙon edita ya sakaya sunana da na maigidana, don 'ya'yanmu sun fara tasawa, ba na so a riƙa nuna su a hanya.

Maigidana ba ƙato ba ne. Matsakaicin mutum ne mai ƙirar ƙarfi, sai dai Allah ya yi masa baiwa a hannun dama. Tun yana saurayi yake zaga filayen dambe bayan kaka, daga Sule Tankarkar zuwa Maigatari har cikin Nijar, kuma abin da ya yi masa suna shi ne kayar da waɗanda suka fi shi girma. A damben gargajiya ba mai ɗora ka a sikeli. Duk wanda ya fito ya miƙo maka hannu, ko ya kai raƙumi tsawo, in ka cika namiji sai ka tsaya. Da wannan tunanin ya tashi, ni ma da shi na zauna a gidansa.

Daga baya wasu masu shirya wasa suka gan shi a Kano, suka ja shi zuwa faɗan nan na zamani da ake yi a cikin keji, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa. A can kuwa komai da awo ne. An kasa 'yan wasa aji-aji gwargwadon nauyinsu, kuma ana gobe karawa sai an auna kowa, in ka wuce nauyin ajinka ba za ka yi wasa ba. Ya yi shekaru a ajinsa yana cin nasara. Mun ji daɗin wannan zamani, ba zan yi wa Allah butulci ba. In zai yi wasa, matasan layinmu sukan taru a kan waya ɗaya, ni kuwa ina tsakar gida ina jiran ihunsu in rangaɗa guɗa.

To, shekaru ba sa tsayawa jiran kowa. Yara sabbin jini suka cika ajin nasa, masu zafin nama, kafin ya ɗaga hannu sun kai masa biyu sun kauce. Aka buge shi sau biyu a jere. Ya dawo gida ya daina hira, ko rediyonsa ya daina kunnawa. Wata rana da hantsi ina tsince shinkafa ya zauna kusa da ni ya gaya mini yadda suka yi da mai horar da su. Wai ya ce masa hanya uku ce ta rage: ko ya rage nauyi ya sauka ajin ƙasa, ko ya ƙara nauyi ya hau ajin manya, ko kuwa ya ajiye wasan ya zo su riƙa koyar da yara tare. Da ya zo kan ta ukun sai ya yi dariya, kamar wanda aka yi wa ba'a. Ni ma na taya shi dariya. Yau in na tuna wannan dariyar tawa, sai in ji kamar in mari kaina.

Sauka ya fara gwadawa, kuma a tsakiyar bazara. Wanda ya san zafin Gumel ya san abin da nake nufi. Mutumin nan zai sa rigar leda a ƙarƙashin kayansa ya kama hanyar Gagarawa da gudu da rana tsaka, ya dawo ya zauna yana tofar da yawu a gwangwani, ga randa kusa da shi amma ba zai sha ba. Abincinsa dafaffen ƙwai da gurji. In na sauke tukunya sai ya tashi ya koma zaure don kada ƙanshi ya dame shi. Ni da ake yabo da girki, ina kallon mijina yana bushewa a gabana, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun tsattsage. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a mahauta, aka kawo mini shi a kan babur an riƙe shi ta baya, na yi kuka har muryata ta dishe. Duk da wannan azabar nauyin bai sauka yadda ake so ba.

Da ya farfaɗo na zaunar da shi na ce yunwa ta ƙare a gidan nan. Na ce tunda akwai hanyar da ci ake yi, me ya kai shi hanyar da ake kashe kai da ƙishirwa? Ya ce mai horar da su ya ja masa kunne, wai mutanen ajin sama ƙashinsu daban ne, kuma shi kansa maigidan nawa yanzu ya fi so ya ajiye wasan. Na san inda zan taɓa shi, kuma nan na taɓa. Na tambaye shi tun yaushe girman mutum ya fara ba shi tsoro, shi da makaɗa suke wasa shi da mai rusa ƙatti. Na tuna masa wani basamuden Damagaram da ya taɓa shimfiɗewa a Maigatari. Allah ya sani tausayi ne ya sa ni faɗar haka. Na ga ya ɗago kai yana murmushi, na ce a raina na ceci mijina.

Daga nan na ɗaura ɗamara. Da safe fura da kindirmo, cike da ƙwarya, in zauna in ga ya shanye. Da rana tuwo da man shanu har yana kwance a kan miya, da yamma farfesun ƙafar sa ko na kai, ga dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu. Yayansa yana sayen riɗi a Gagarawa Tasha, yana da babban sikelin da ake auna buhuna, can maigidana yake zuwa ya hau. In ya ga ya ƙaru sai ya kira ni a waya, in kama murna kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Matan maƙwabta suna tsokanata wai ragon layya nake kiwo, ina ramawa da cewa su je su koyo girki. Na lura ya fara haki in ya yi ɗan gudu, tumbi ya fito, wuyansa ya cika. Na ce alamar ƙoshi ce.

Aka sa masa wasa a Legas. Ranar awo yayan nasa ya shigo da waya ya nuna mini hoton maigidana da abokin karawarsa a gaban sikeli, nauyinsu ɗaya. Abokin karawar dogo ne, amma a rame yake, haƙarƙarinsa a waje, idanu a zurme. Na ƙyalƙyale da dariya na ce wannan da gani matarsa ba ta iya tuƙa tuwo ba. Washegari da la'asar muka taru a tsakar gida, da ni da yayansa da mahaifiyarsu, aka jingina wayar a jikin turmi. Da mutumin ya shigo kejin ban gane shi ba. Ya cika ya batse, kafaɗunsa kamar ƙofar zaure, mijina a gabansa sai ka ce ƙaninsa. Sai daga baya aka fahimtar da ni cewa irin waɗannan asalinsu ƙatti ne, matse ruwan jikinsu suke yi don ranar awo kawai, da sun sauka daga sikeli su sha su ci su koma yadda suke. Shi ya sauko da ƙishirwar kwana kaɗan, nawa ya hau da furata, a kan sikeli kaɗai suka zo daidai.

Ba a jima da farawa ba maigidana ya sami sa'a ya kai masa wannan hannun daman, wanda ya kwantar da maza a filaye da yawa. Ya same shi sosai a muƙamuƙi. Mutumin ya girgiza kai kawai ya ci gaba da matsowa. Na ga fuskar mijina a lokacin, kuma ban taɓa ganin tsoro a cikinta ba sai ranar. Numfashinsa ya ƙare da wuri, aka matse shi a jikin keji, aka kai shi ƙasa, aka hau shi da duka a kai. Mahaifiyarsa tana salati, ni kuwa ban san lokacin da na ture wayar ba.

Ya yi makonni a asibiti a can, likitoci suka ce jini ne ya taru masa a ka. Allah ya yi da sauran kwanansa, aka dawo mini da shi. Amma maganarsa ta yi nauyi, yakan manta abin da aka gaya masa yanzun nan, hannun daman nan kuwa rawa yake yi ba ya tsayawa. Ko wuƙar fawa ba ya iya riƙewa. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko da wasa. Da na kasa daurewa na roƙe shi gafara, sai ya daɗe yana haɗa kalmomi, ya ce ai bai taɓa shan fura mai daɗin ta wancan lokacin ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya shi ne, in ƙarfin mutum ya fara ja baya, ba canza masa aji ne magani ba. Duk muna ta lissafin ya sauka ko ya hau, a cikinmu 'yan gida ba wanda ya iya buɗe baki ya ce masa ya isa haka, alhali shi da kansa ya furta, ni na toshe masa baki da kirari. 'Yan'uwana matan 'yan wasa, da iyayensu da masu zuga su, in naku ya ce ya gaji, don Allah ku yarda da shi. Kada ku tuna masa wanda ya kayar yana saurayi.

Har yau ina dama masa fura kowace safiya. Sai dai yanzu in ya ɗauki ludayin, kafin ya kai baki rabi ya zube a rigarsa, don haka ni nake riƙe masa.