Kiɗan Motar Ƙanƙara

A farkon shekarun casa'in, lokacin da azumi ke faɗowa tsakiyar bazara, ƙanƙara nake sayarwa. Nakan saro ta a Gumel wurin wata mata mai firiza da janareta, in jera a bayan a-kori-kura, in lulluɓe da ƙaiƙayi da buhunan algarara, in bi garuruwa bayan la'asar.

Mai ƙanƙara ba shi da lokacin bin gida-gida yana sallama. Shi ya sa na yi wa motar kiɗanta. A kaset ɗin kalangun bikina akwai wani ɗan wuri da makaɗin ya sauya hannu, gajere ne amma yana da kaifi. Na aro rediyo mai gidan kaset biyu, na riƙa ɗaukar wurin nan kaɗai: in danna, in tsayar, in mayar da zare baya da biro, in sake dannawa, har sabon kaset ya cika ciki da baya. Na ɗaura lasifika a saman mota. Kafin azumi ya raba, ko matar da ke can ƙuryar gida ta san wannan kiɗan, tana jinsa za ta aiko da kwano.

Ranar da nake ba da labari, duk jarina na zuba. An yi zafin da ban taɓa gani ba, na ce yau kasuwa tawa ce, na cika motar maƙil. Ina shiga Sule Tankarkar kiɗan ya yi wani gurnani ya mutu. Na ciro kaset, zare ya biyo shi kamar hanjin kaza, a cukurkuɗe, ya tsinke.

Na zura wani kaset na kiɗa da ke motar, na zaga gari. Ba wanda ya leƙo. Wani dattijo a gindin darbejiya ya ɗaga mini hannu.

"Ɗan samari, maganin basir ne ko na shawara?"

"Baba, ni ne mai ƙanƙara!"

"Kai ɗin? To ina kiɗan naka? Mun ɗauka masu magani ne, har na ce a kulle ƙofa."

Na danna oda, na yi ihu har muryata ta dushe da ƙishi. Mutum ƙalilan suka fito. Na duba ƙarƙashin mota, ruwa na ɗiga a yashi, ɗis, ɗis. Jarina ke nan yake komawa ƙasa ina kallo.

Shagon mai gyaran rediyo a rufe. Kusa da shi akwai kemis na wani mutumin Filato, matarsa ce a ciki. Na ce, "Madam, don Allah kina da jan farce?"

Ta dubi hannuna ta tuntsire da dariya. "Maigida, kwalliyar Sallah tun yanzu?"

"Ki taimake ni, ƙanƙarata ke narkewa."

Ta daina dariya, ta miƙo kwalbar da reza. Na durƙusa a dakalinta, na yanke wurin da ya taune, na shafa jan farcen a bakin zaren, na haɗa. Zaren ya zame. Na sake. Tana yi masa fifita da kwali don ya bushe, ni ina kallon rana tana sauka. Da na zura, kiɗan ya tashi, da ɗan tuntuɓe a wurin ɗinkin, amma shi ne.

A lokacin mutanen garin sun riga sun shige gida. Na ce bari in kama hanyar garin Ɗanzomo, na taka mota iya ƙarfinta, lasifika na kururuwa a daji ba mai ji sai awaki. Ina isa bakin gari ladan ya ɗaga murya. Hannuna na kan maɓalli. Na san in na bar kiɗan za a fito, na kuma san ba a haɗa kalangu da kiran salla. Na kashe.

Bayan an idar na yaye buhunan. Abin da ya rage bai fi cikin bokiti ba. Na juye shi a randar masallaci, na kamfaci moɗa ɗaya na sha ruwa da shi. Washegari na kwance safayar tayar motar na sayar, na saro rabin lodi.