Zakaran Kirsimeti Zuwa Kwarbai

Ƙarfe biyar da rabi na asubar jajiberin Kirsimeti na bar Jos a motar haya, da jan zakara a hammata. Faston cocinmu ne ya jawo mini wannan tafiya. Ranar Lahadi ya ce mana wanda duk yake riƙe da ɗan'uwansa a zuciya cikin duhu yake, ko da kyandir nawa ya kunna. Ni kuwa shekara shida ba na magana da Yaya Hamisu, ɗan baffana da ke unguwar Kwarbai a Zariya.

Su Musulmi ne, mu Kirista. Da can kowace shekara shi ke zuwa ya yanka mana kajin Kirsimeti, don kowa ya ci hankali kwance. Ranar jana'izar Mama sai ya tsaya a waje, bai shiga coci ba. Raina ya ɓaci, na ce masa a gaban jama'a kada ya sake taka gidanmu. Bai kuwa sake ba.

Saminaka, bakwai da arba'in

A shingen sojoji zakara ya yi cara. Soja ya leƙo yana dariya, ya tambaya ko a Zariya kaji sun ƙare ne. Na ce gafara zan kai. Direba ya waiwayo ya ce, "Kai za ka yafe, ko kai za a yafe wa?"

Na taso ne a kan ni aka yi wa laifi. Har muka wuce Pambeguwa ina juya maganar, ƙosan da na saya ya huce a hannuna.

Zariya, sha ɗaya saura kwata

A unguwar Kongo na sauka, ɗan acaɓa ya shiga da ni Kwarbai. Lungunan da nake taƙama na sani suka rikice mini, sau biyu ina dawowa gindin rijiya ɗaya. Sai da wata dattijuwa ta nuna mini ƙofar da na wuce har sau uku.

Na yi sallama na faɗa zaure. Daga rana tsaka na fito, don haka ban ga komai ba sai baƙi ƙirin. Na tsaya ina lalube, zakara yana fizge-fizge.

"Bulus, bi a hankali, akwai buta a gabanka."

Muryar Yaya ce. Shi da ke zaune cikin duhun yana ganina sarai, ni da na zo da niyyar kawo haske ko tabarma ban gani ba. Duk jawabin da na haddace a mota ya gudu. Kunya ta kama ni, na durƙusa na miƙa masa zakaran kawai.

Ya jinjina shi, ya ce bai kai na Mama ƙiba ba. Ya tambayi iyali, sannan ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo wuƙa. Da Anti Rabi ta kawo, sai ta ce mini a hankali, "Duk Disamba sai ya wasa ta, ya mayar cikin kube."

Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya ce, "Riƙe ƙafafun da kyau."

Na riƙe, ya yi bismilla ya yanka.

Jos, shida da rabi na yamma

Rabin naman na baro musu, rabi na kawo gida a kula. Matata ta tare ni a ƙofa tana tambayar ko ya ce ya yafe. Na ce har yanzu ban sani ba, amma ya ce baɗi in sayi biyu, shi zai zo. Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni, na kuma gode wa direban nan da ban ko tambayi sunansa ba.