Gammon Lagireto

Ko tatsuniya ɗaya ba mu taɓa ji ta kai ƙarshe lafiya ba a gidanmu na Wara, kuma yayana Bala ne sila. Bayan sallar isha'i Kaka kan zauna gindin banda tana juya kifi, mu kuma mu kewaye wutar, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai tashi. Da ta ce, "To, ga wata ta biyo ruwa, ku tare ta," sai Bala ya gyara zama, ya shirya gardama.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani masassaƙi mai ji da kansa. Za su yi doguwar tafiya a kwalekwale shi da matarsa, sai ta ce ya yi wa tulunta mazauni. Ya sassaƙa katako, ya matse tulun ta ko'ina har ko motsi ba ya yi. Matar ta kawo gammo za ta sa a ƙasa, ya fizge ya jefa ruwa, wai aikinsa ba ya buƙatar tsumma. Suna kaiwa tsakiya iska ta taso, jirgi ya yi sama ya yi ƙasa, tulu ya tsage gida biyu.

"Ai katakon ne ba ƙwari," in ji Bala.

"Kai wanga yaro, mi ka damunka?" Kaka ta ce, tana nuna shi da itacen wuta. "Abin da ad ɗauke da ruwa, bari nai akai shi yi rawa kaɗan. In ka hana mai, shi hwashe."

Bala ya ce da shi ne, da ƙara matsewa zai yi. Haka suka yi ta yi har kifi ya soma ƙonewa, aka kore mu mu kwanta. Na kwana ina jin haushinsa.

Kaka ta rasu, na girma na zama mai walda. Bala kuwa ya sayo wata tsohuwar mota, yana ta gyara domin ya riƙa kai ɗanyen kifin matarsa Hajo kasuwar Yauri. Injin na zafi, sai ya samo lagireton wata babbar mota, wanda bai shiga mazaunin tsohon ba. Ni aka kawo wa aikin.

Na auna, na yanka ƙarfe, na haɗa masa sabon mazauni mai ƙafa huɗu. Ƙarƙashin kowace ƙafa na sa robar tsohuwar taya, na ɗaure noti daidai wa daida. Bala ya zo ya girgiza lagireton da hannu, ya ɓata fuska.

"Wanga abu rawa shikai."

"Yaya, haka aka so shi. Hanyar duk ramu ce."

"Ni za ka koya ma mota?"

Na rantse, na roƙe shi, har sunan Kaka na kira. Ya ce to. Ashe yana isa gida ya zare robobin, ya sa sifana ya matse ƙarfe kan ƙarfe iya ƙarfinsa.

Ranar kasuwa da hantsi waya ta same ni. Na hau babur na tarar da Bala da Hajo a daji, lagireto ya tsage daga gindi, ruwa ya tsiyaye ƙasa. Ƙanƙarar da ke kan kifin ta narke, ƙudaje sun taru. Bala na zagaya mota yana cewa ƙarfena ne bai da kyau. Wallahi da ba yayana ba ne, da na bar shi nan.

Hajo kuwa tana gefen hanya. Tana tsugune tana ɗaga kifin ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, tana jefar da wanda ya juya. Da asuba ta shiga ruwa har gwiwa ta saro shi a hannun masunta.

Duk yarintata na ɗauka Kaka na ja wa masu taurin kai kunne ne. A bakin hanyar nan na gane su ba sa ji, ko a tatsuniya ko a fili, kuma ba su ke kwasar asarar ba.

Na sake aikin da sababbin robobi. Da na gama ɗaurewa, sai na kunna injin walda na liƙe notin huɗun duka yadda sifana ba za ta ƙara juya su ba. Bala ya tambayi dalili, na ce ya je ya tambayi Hajo.