Idon da Muka Ajiye

Mai hoton da ke kusa da tasha a Bolari mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa na cikin abubuwan da har yau nake jin haushinsu. Duk sallah nakan kai masa 'yata, an yi mata kitso, an rambaɗa mata kwalli. Sallar da ta cika shekara biyu, da na je karɓar hoto, ya ce mini yana washe baki, "Hajiya, hasken kyamara ya ɓata idonta na hagu, ya fito fari kamar na mage. Amma na gyara miki a kwamfuta, kyauta." Na yi godiya har da sa albarka. Da babbar sallah ya sake gyarawa, na sake godiya.

A gida ma mun sha ganin farin, don in aka haska ta da waya sai tsakiyar idon ya yi ƙyalli. Surukata ta ce alamar arziki ce, wani kakansu ma haka idonsa yake, kuma ya mutu ya bar garken shanu. To, wa zai kai arziki asibiti?

Maƙwabciyarmu a Gabukka, wata malamar firamare 'yar Kaltungo, ita ta ɓata mana murna. Tana kallon hotuna a wayata sai ta tsaya cak. "Maman Bebi, wannan ba hasken waya ba ne fa. Don Allah ki kai ta a duba."

Likitan ido ya duba, aka yi mata hoto irin nasu, wanda ba a gyarawa. Ya ce ciwon daji ne a cikin idon, irin mai kama ƙananan yara, kuma idon ya riga ya daina gani. In aka cire shi yanzu, kafin ciwon ya bi jijiya ya shige ciki, yana kyautata zaton za ta rayu. Ya miƙo takarda uban ya sa hannu. Mijina, wanda ya sayi babur bai tambayi kowa ba, ya ce sai ya yi shawara da manya.

Aka taru a gidan surukata a unguwar Madaki. Sai ranar na san gidan likitoci na aura. Yayan mijina, mai sayar da tayoyi, ya ce daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi da wuƙa zai bazu. Wata gwaggonsu ta ce daji ciwon manya ne, zuma da habbatussauda sun isa. Sannan surukata ta yanke hukunci: "'Ya mace ce fa. Wa zai auri mai ido ɗaya?"

Na ce, "Inna, yarinyar da har yanzu take fitsarin kwance?"

Ta ce, "Kamar yau ne za ki ga ta girma. Ke dai bakinki ya fi ki."

Na yi faɗa, na yi kuka, na goya 'yata na koma asibiti ni kaɗai, aka ce in zo da uban. Haka muka shafe watanni muna ɗiga zuma. Idon ya yi ja, ya kumbura, ya turo waje. Tana kuka tana dukan kanta da hannu. Babu wanda ya ƙara ambaton shanun kaka.

Ranar da mijina ya ɗauko biro zai sa hannu, ba shawarar kowa, likita ya ce ya mayar aljihu. Cirewa ba ta da sauran amfani, ciwon ya wuce ciki. Aka kwantar da mu ana yi mata ƙarin ruwan magani, gashin da nake kitsawa ya zube. A ɗakin akwai yara masu kumburin muƙamuƙi da masu kumburin ciki, kuma kusan duk uwar da na tambaya, su ma sai da aka yi musu nasu taron.

Wata safiya wata yarinya ta zo a duba ta, da kayan makaranta, tana ta tsalle a baranda. Uwarta ta ce mini irin ciwon 'yata ne, tun tana goye aka cire idon aka sa na roba. Na ƙura mata ido har na ji kunya, wallahi ban gane wanne ne na robar ba. Ban taɓa jin hassada irin ta ranar ba.

'Yata ba ta ga wata sallar ba. Mijina ya sa aka ƙara girman hoton nan da mai hoto ya gyara, yana rataye a falo, kuma baƙi sukan ce, "Tubarkalla, dubi idanu!" Ina amsawa da amin. Mun binne ta da idanunta biyu cif, yadda dangi suka so. Mijin da muka ajiye wa idon dai har yau bai zo ba.